Gwajin Ruwa a Ajin Kwaleji: Abin da Kwalba Ke Iya Faɗa da Abin da Ba Ta Iyawa

Idan malamin kimiyya a wata kwaleji ta Yamai ya ce wa ƴan aji biyu kowa ya zo gobe da ruwan shan gidansu a kwalba, abin da zai taru bisa teburinsa ba iri ɗaya ba ne. Wannan ya kawo na famfo. Waccan, da bututu bai kai unguwarsu ba, ta kawo wanda ɗan ga-ruwa ya juye musu a tano. Wani na rijiyar tsakar gida, wani na rijiyar burtsatse, wani ya sayi ledar piya-wata a bakin makaranta ya huda ya zuba, wanda gidansu ke kusa da gaɓa a Saga ko Gamkalle kuma ya ɗebo na kogi. Da zarar an jera su, tambayar yara ɗaya ce: "Malam, wanne ne mai kyau?"

Tambayar daidai take, amma babu wani gwaji guda da ke amsa ta. Wannan nake so malamai da iyaye su riƙe kafin a taɓa ko kwalba ɗaya. Ruwa na iya ɗauke da abin da ke yawo cikinsa ido na gani, irin laka. Yana iya ɗauke da abin da ya narke ya ɓace, irin gishiri da sauran sinadaran ƙasa. Yana kuma iya ɗauke da abu mai rai wanda ido ba ya gani. Kowanne da awonsa, kuma awon wannan ba ya cewa uffan a kan wancan. Yaron da ya fita aji da wannan fahimta ya ƙaru, ko da makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji. Wanda kuwa ya fita yana ganin ƴar takardar da ya tsoma ta wanke ruwan gidansu daga duk wani zargi, an cuce shi, don an ba shi tabbacin da babu shi.

A fara da laka, tunda ita ce kowa ke gani. Duk wanda ke bi ta gadar Kennedy ya san kogin Kwara ba launi ɗaya gare shi ba. A watan Agusta da Satumba jawur yake, saboda ƙasar da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwasowa daga ɓangaren Burkina Faso su zuba masa. Wajen Disamba da Janairu ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ke isowa, shi kuma ya fi haske, don ya sauke lakarsa a doguwar hanya. Yara na iya mayar da wannan bambanci lamba ba tare da na'ura ba. A samu dogon bututun roba mai haske, a toshe gindinsa da farin marfi da aka zana wa baƙar alama. Ɗalibi ɗaya na zuba ruwa sannu a hankali, wani na leƙawa daga sama, a inuwa ba cikin rana ba. Inda alamar ta ɓace masa, sai ya ce a tsaya, a auna tsawon ruwan da santimita. Ruwan kogin damina ba ya yin nisa alamar ta ɓace. Na famfo kuwa, bututun kan cika ana ganinta tangaran.

A nan darasi na farko ke fitowa da kansa. In yara uku suka leƙa, lamba uku za a samu. Kada malam ya zaɓi ɗaya ya ce ita ce daidai. A rubuta duka ukun, a fitar da matsakaicinsu, a tambayi ajin me ya sa suka saɓa. Ni a ganina mintoci goma na wannan gardama sun fi shafi guda na haddar ma'anar awo.

Lakar ita kanta ba ita ce babbar matsalar ba. Matsalar ita ce ƙwayoyin cuta na maƙalewa a jikinta, maganin kilorin ya kasa kai gare su. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ke son dagulewar ruwan da za a sa wa magani ta kasance ƙasa da 1 a ma'aunin dagulewa da ake kira NTU, in ba hali kada ta wuce 5. Shi ya sa kuma a matatun Gudel da Yantala, inda ake gyara ruwan kogi a tura wa birni, sai an kwantar da laka da sinadari dangin alif, an tace da yashi, kafin a zuba kilorin. Aji na iya kwaikwayon matakin farko. Kwalba uku na ruwan kogi ɗaya: ta farko a sa mata ɗan alif, ta biyu a daka ƙwayar zogale busasshiya a zuba a girgiza, ta uku a bar ta yadda take. Bayan awa guda, ta alif da ta zogale sun tara guiɓi a gindi, samansu ya washe. Ta ukun nan da ba a taɓa ba ita ce kwalbar shaida. In babu ita, ba wanda zai iya rantsewa cewa alif ne ya yi aikin, ba zaman da ruwan ya yi ba ne.

Haɗarin wannan gwaji shi ne kyansa. Yaro ya ga jan ruwa ya koma garau a gabansa, zuciyarsa ta ce an gama. Ba a gama ba. Alif da zogale na rage ƙwayoyin cuta tare da lakar da suka kwantar, amma ba sa kashe su. Haka ma tacewa da ƙyalle. Ƙyalle ya yi mana babban aiki a yaƙi da kurkunu, har OMS ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da cutar, saboda ƴan ƙwarin ruwan da ke ɗauke da tsutsar suna da girman da ƙyalle ke tarewa. Ƙwayar taifot ba ta san da zaman ƙyalle ba.

Sai abin da ya narke. Nan ma akwai gwaje-gwajen da ba sa cin kuɗi. A ɗiga ruwa kala-kala, ɗigo goma-goma, a kan gilashi mai tsabta a shanya. Wanda ya bar farin zobe mai kauri ya fi gishirin ƙasa. A narka sabulun sanda, ba omo ba, a ɗiga daidai wa daida cikin kowace kwalba, a girgiza sau ɗaya, a auna tsawon kumfa. Ruwan da ya ƙi kumfa yana da kalsiyam da magniziyam da yawa, shi ne wanda mata ke cewa yana cin sabulu. Ruwan wata rijiyar burtsatse kuma yakan fito garau, a ajiye shi ya kwana, a wayi gari ya yi ja yana ƙarnin ƙarfe. Ƙarfen da ya narke ne ya haɗu da iska ya yi tsatsa. Ruwa ba ya tsami banza. Yawanci wannan ba ya cutar da jiki, illarsa ita ce ya kori mutane su koma ga tabki, wanda ya fi daɗin sha ya kuma fi haɗari.

Awon pH ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake shi littattafai suka fi so. Ma'aunin yadda ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa ne, daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, kuma ruwan sha yawanci tsakanin 6.5 ne da 8.5. Ana iya nuna ma'anarsa da jiƙon zoɓo da aka tsinka da ruwa sosai: a matsa lemun tsami ya ƙara ja, a sa kanwa ya juya ya yi duhu-duhu zuwa kore. Yara na son sa, kuma ya cancanci a yi. Sai dai zoɓo ba zai bambance ruwan famfo da na rijiya ba, sai takardar pH. Kuma ko takardar ta nuna 7 cif, abin da ta faɗa ke nan kawai. Ruwa mai ɗauke da kwalara na iya nuna 7.

Akwai wata ƴar na'ura mai siffar alƙalami da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba, masu tallar matatar gida na yawan yawo da ita. Abin da take aunawa shi ne yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, daga nan ta ƙiyasta yawan gishirin da ya narke. OMS na ganin ruwan da bai kai miligiram 600 a lita ba yana da daɗin sha, in ya wuce 1,000 kuma ɗanɗanonsa ya fara ɓaci. In makaranta ta sami irin wannan na'ura, ga gwajin da zan so a fara da shi: kofi biyu na ruwa ɗaya, a zuba ɗan gishiri a wannan, cokalin sukari a wancan. Lambar na gishiri za ta yi tsalle, ta sukari da ƙyar za ta motsa, alhali kowa ya ga sukarin ya narke. Daga ranar yaro ya san na'ura ma akwai abin da ba ta gani.

Abin da ya faru a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ya kamata kowane ɗan kwaleji a ƙasar nan ya san shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya riƙa shan ruwan famfo daga rijiya mai zurfi, ruwa garau, ba wari, ba ɗanɗano. Ashe sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka iyakar da OMS ta sa, wato miligiram 1.5 a lita. Kaɗan daga wannan sinadari na ƙarfafa haƙori. In ya yi yawa sai haƙora su yi dabbare-dabbare, in ya ƙara yawa kuma aka daɗe ana sha, ya shiga ƙashi. Kafin maganar ta fito fili wajajen shekara ta 2000, ɗaruruwan yara sun tashi da ƙafafu a lanƙwashe. Da an kawo wannan ruwa aji, da ya ci duk gwajin da na lissafa a sama. Bututun laka zai ce garau, takardar pH ba za ta nuna komai ba. Fulorayid sai da kayan awonsa na musamman, haka arsenik, haka dalma. Aikin ɗakin gwaji ne irin na LANSPEX, ɗakin gwajin kiwon lafiya na ƙasa, ko na Jami'ar Abdou Moumouni, kuma dole malam ya faɗa wa yara haka ƙarara.

Nitirat ya fi kusa da mu a Yamai, musamman a rijiyoyin gida marasa zurfi. Daga masai da juji da taki yake tsatsowa ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'idar da ma'aikatan tsabta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, amma a unguwar da gida ke manne da gida, in ka nisanta da naka ka kusanci na maƙwabci. Iyakar OMS miligiram 50 ce a lita, kuma jariran da ake dama wa madara da irin wannan ruwa su suka fi shiga haɗari, don yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Akwai takardun tsomawa na awon nitirat, in an same su aji na iya amfani da su. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne tafasawa ba ta fitar da nitirat ko fulorayid. Ruwan ne ke tashi tururi, sinadarin ya zauna, har ya ɗan ƙara kauri.

Yanzu mu zo kan abu mai rai, wanda shi ke kwantar da yara da zawo, shi ya kawo kwalarar 2021 da ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar. Ba a bin kowace cuta ɗaya bayan ɗaya, don sun yi yawa. Ana neman alama guda: ƙwayar E. coli, wadda mazauninta hanjin mutum da na dabba. In an same ta a ruwa, to kashi ya shiga, kuma inda kashi ya bi, taifot da kwalara na iya bi. Ƙa'idar OMS a nan ba ta da sassauci: kada a sami ko ɗaya a mililita 100.

Hanyar da ta fi dacewa da aji ita ce wadda masu bincike a Indiya suka fitar a 1982. Ƴar kwalba ce mai marfi, a cikinta akwai takarda da aka jiƙa da abincin ƙwayoyin cuta da sinadarin ƙarfe. A zuba ruwa zuwa alama, a rufe, a ajiye a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu. In akwai ƙwayoyin hanji masu fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, iskar ta haɗu da ƙarfen, ruwan ya koma baƙi ƙirin. Ɗumin Yamai ya ishe ta aiki, sai dai a sanyin Janairu takan yi jinkiri. Duk wanda ya ga fuskar yaro a safiyar da ya tarar kwalbar da ya zuba wa ruwa garau ta yi baƙi, ya san babu bayanin allo da zai kai wannan shiga rai.

Amma ita ma shaidarta da iyaka. Wasu ƙwayoyin ƙasa da ba su da alaƙa da kashi na iya baƙanta ta. Yatsan yaro da ya taɓa bakin kwalba ko cikin marfi na iya baƙanta ta. Saboda haka dole a haɗa da kwalbar shaida ta tafasasshen ruwa da ya huce a rufe. In ita ma ta yi baƙi, aikin ranar ya ɓaci, a sake. Kowane ruwa a yi masa kwalba uku, kuma a gwada shi cikin ƴan awoyi da ɗibarsa. Yanke hukunci a kan rijiya da kwalba ɗaya ta rana ɗaya kamar sayen buhun hatsi ne bayan duba abin da ke bakin buhu kawai. Sannan kwalbar da ta yi baƙi ba ta yara ba ce kuma. Kada su buɗe, kada su shinshina. Malam ne zai buɗe ya cika ta da ruwan jabel, ta jima, a zuba a masai, kowa ya wanke hannu da sabulu. Ɗanɗana ruwan gwaji kuwa haramun ne a ajin tun daga ranar farko.

Da za a ce in zaɓi gwaji ɗaya tak, ba jera ruwan unguwanni zan yi a ga wa ya ci ba. Ruwa ɗaya zan bi daga bakin famfo har zuwa bakin mai sha. A ɗiba a famfo bayan an bar shi ya ɗan zuba. A ɗiba a bidon da aka ɗauko shi. A ɗiba a randa da safe, a sake ɗiba da yamma bayan duk gida sun sha. A ɗiba a moɗar da ke zaune bisa marfin randa, wadda ƙaramin yaro ya dawo daga wasa ya ɗauka ya zura har wuyan hannu. In an sami ƙwayar DPD, wadda ke mayar da ruwa ruwan hoda gwargwadon kilorin da ke ciki, a auna a kowane mataki. Ana son ruwa ya iso gida da saura tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita. Warin maganin nan da wasu ke ƙorafi a kansa shi ne mai gadin ruwan. Zafi da zama da dauɗar bido na cinye shi, yara za su ga launin na kodewa daga kwalba zuwa kwalba. Bincike da dama a ƙasashe irin namu ya nuna ruwa kan fito da tsabta daga tushe ya lalace tsakanin nan da kofi. Wannan gwaji na fifita shi ne don maganin abin da zai bayyana yana hannun yaron da mahaifiyarsa: wanke randa, rufe ta, rataye moɗa mai dogon mariƙi, ko komawa ga bokiti mai ɗan famfo a gindi.

Daga nan aji na iya gwada magani, ba ciwo kawai ba. Ruwa ɗaya a raba shi: wani a tafasa har ya yi minti guda yana ɓararraka, wani a jefa masa ƙwayar kilorin ta Aquatabs yadda takardarta ta ce a jira minti 30, wani a zuba a kwalbar roba mai haske da ba ta wuce lita 2 ba a kwantar bisa kwanon rufi awa 6 cikin rana, wani a bar shi. Sai kowanne ya shiga ƴar kwalbar gwajin nan mai komawa baƙi. Na rana yana bukatar ruwa mai haske, in da hadari kuma sai kwana biyu. A ƙasar Abdou Moumouni Dioffo, masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, abin takaici ne yaro ya kai ga BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, bai taɓa gwada abin da rana ke yi wa kwalbar ruwa ba.

Saura wani abu da littafin kimiyya ba ya faɗa, kuma ni na ɗauke shi da nauyi. Sakamakon nan na gidajen mutane ne. In aka rubuta a allo cewa ruwan gidan su wance ya yi baƙi, kafin a tashi yarinyar ta sami suna a makaranta. In aka ce ruwan ɗan ga-ruwa wane ne, ana iya karya masa sana'a a kan kwalba ɗaya da wataƙila yatsan ɗalibi ne ya ɓata. Don haka lamba za a sa wa kwalabe, malam kaɗai ya san mai kowace lamba. Wannan na kare mutunci, yana kuma gyara gwajin kansa, don mai leƙa bututu bai san ruwan gidansu yake aunawa ba balle ya yi masa sassauci. A kuma koya wa yara yadda za su kai maganar gida. Yarinyar da ta shiga tana cewa "Inna, Malam ya ce ruwanmu ƙazanta ne" ta rufe ƙofa da kanta. Wadda ta ce "Inna, don Allah ki bar ni in riƙa wanke randa ranar Juma'a, in kuma ɗaura wa moɗa igiya mu rataye ta" za a saurare ta, wataƙila har a sa mata albarka.

In rijiyar da jama'a ke sha ta yi ta baƙanta kwalba sau da sau, ba a Facebook za a kai ta ba. Darakta ya rubuta wa ma'aikatar ruwa ko ta kiwon lafiya ta yankin, ya haɗa da ranaku da yadda aka yi awon, ya nemi a zo a ɗiba a kai ɗakin gwaji. A 1854 likita John Snow ya gano famfon da ke yaɗa kwalara a wata unguwar Landan ba tare da ya ga ƙwayar cutar ba. Gidajen da aka yi rashi ya bi, ya tambayi inda suke ɗibar ruwa, ya sa a taswira. Mutanen unguwar ma yabon ɗanɗanon ruwan famfon suke yi. Irin wannan rubutu mai tsari ƴan aji biyu na iya yin sa.

Shekarar karatu na ba da dama uku masu kyau: Oktoba, ana buɗe makaranta kogi na da sauran ja, rijiyoyi sun sha damina, Janairu, lokacin ruwan Gini, da Mayu, tsakiyar zafi, lokacin da famfo ke yawan ɗaukewa a wasu unguwanni mutane na ajiye ruwa kwana da kwanaki. A auna wurare ɗaya, da hanya ɗaya, a waɗannan lokuta uku. A rubuta a littafi ɗaya mai kauri, da kwanan wata da sa'a da lambar kwalba, har da gwajin da ya ɓaci da dalilin ɓacinsa. A ƙarshen shekara a ajiye littafin a ofishin darakta, ajin da ke tafe su ci gaba daga shafin da aka tsaya.